Cire indomin salansa ko barin sa: wanne ya fi wa motarka?

Duk direban da ke bin hanyar Bauchi zuwa Jos ya san inda mota ke tona asirin kanta. A shimfiɗe kowace mota jaruma ce. Sai an tunkari hawan Panshanu, ga fasinja ga kaya a but, sannan za ka taka totur har ƙasa ka ji injin yana gurnani amma gudun ya ƙi zuwa. Da an dawo gari sai gareji, kuma sau da yawa abin da mai mota zai ji shi ne: "Alhaji, indomi ne ya toshe. Bari mu fasa shi mu zazzage, motar za ta buɗe." Wani kuma ba ya ma jiran mota ta nuna wata alama. Ya sayi Beljiyam ɗinsa lafiya ƙalau, abokai su ce masa ya cire abin nan tun da wuri, ai don Turawa aka yi shi, ba ya shiri da man Najeriya, kuma yana danne ƙarfin injin.

Mutanen nan biyu ba tambaya ɗaya suke yi ba, kuma ba su amsa ɗaya shi ne tushen ruɗanin. Na farkon, mai yiwuwa indominsa ya mutu da gaske, saboda haka dole a yi wani abu, abin dubawa kawai shi ne wane abu. Na biyun kuwa zai ba da kaya mai daraja ne ya karɓi ƙara da wari. Ni ra'ayina a fili yake: ƙarfin da mutane ke ji bayan an cire indomi, kusan kullum ƙarfin motar ne na asali wanda toshewa ta ƙwace, ba wani sabon ƙarfi ba ne aka samo. Amma gara in baje hujjar, mai karatu ya auna da kansa.

Indomi, ko katalis, wata tukunya ce ta ƙarfe a jikin salansa, tsakanin injin da tukunyar baya mai kashe ƙara. A cikinta akwai dunƙulen tangaran mai ƙananan ramuka a miƙe irin na saƙar zuma, yawanci 400 zuwa 600 a kowane inci murabba'i. An shafe bangon ramukan da ƙarafa masu tsada guda uku: filatinam, faladiyam da rodiyam. Ba tace hayaƙi yake yi ba, wannan kuskure ne da mutane da yawa ke yi. Hayaƙin ratsawa yake ya wuce, ƙarafan nan ne ke sa gubar da ke cikinsa ta rikiɗe. Kabon monoksaid da ɗanyen fetur ɗin da bai ƙone ba su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa, naitirojin oksaid kuma ya warware ya koma iskar naitirojin da dama ita ce mafi yawan abin da muke shaƙa. Sai ya ɗauki zafi kamar digiri 250 zuwa 300 kafin ya fara aiki, kuma idan ya yi zafi, injin ma yana lafiya, yana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobin.

Tsoron da tsofaffin makanikai ke yi masa yana da asali, bai kamata a raina su ba. Injiniyan nan Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, ya ƙirƙiro katalis na mota tun a shekarun 1950, amma bai bazu ba saboda fetur ɗin wancan zamani akwai dalma a ciki, dalma kuwa tana kashe katalis cikin ƙanƙanin lokaci. Sai a motocin 1975 Amurka ta fara sa shi gadan-gadan tare da fetur marar dalma, Turai ta biyo baya a kan sababbin motoci daga 1993. Wasu daga cikin na farko-farkon ba saƙar zuma ba ce a cikinsu, ƙananan tsakuwoyi ne aka cika tukunya da su, kuma waɗannan sun shaƙe injin da gaske. Mu nan kuwa an ci gaba da sayar da fetur mai dalma har farkon shekarun 2000, sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka gama rabuwa da shi. Ke nan makanikin da ya koyi aiki a kan motocin Beljiyam na shekarun 1990 ya ga indomi yana mutuwa da idonsa, ba labari aka ba shi ba. Matsalar ita ce fetur ya canza, ƙirar indomi ta canza, amma karatun da aka ba yaran gareji bai canza ba.

Maganar ƙarfi

A ɗauki Corolla mai injin 1.8, wadda ƙarfinta ke kusa da na doki 130, ko Camry mai 2.4 da ke kusa da 160. Idan indomin irin waɗannan yana lafiya, cire shi ba ya ƙara abin da ya wuce doki ƙalilan, su ma ɗin sai allurar injin ta haura sosai, wajen da mai tuƙin yau da kullum ba ya kai ta. Daga Wunti zuwa Yelwa, ko daga Gidan Mai zuwa kasuwar Muda Lawal, ba inda za ka ji bambancin. Dalilin kuwa shi ne masu ƙera motar sun auna girman indomin daidai da hayaƙin da injin zai iya fitarwa. Abin da ke iyakance ƙarfin irin wannan injin shi ne yawan iskar da yake iya zuƙa, ba hanyar fita ba.

Ga wani ma'auni da zai taimaka. Bauchi tana kan tsayin mita 600 ne da 'yan kai daga teku, Jos kuma kusan 1,200. Iska tana raguwa da kamar kashi 3 cikin 100 a duk mita 300 da aka hau, injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) kuma ƙarfinsa yana bin iskar ne sau da ƙafa. Wato hawa Jos kaɗai yana cinye wa motarka kusan kashi 6 cikin 100 na ƙarfinta, ko da kuwa jiya ta fito daga kamfani. Ƙara zafin watan Maris da Afrilu, ƙara na'urar sanyaya mota da ke kunne, ƙara buhu biyu na masara. Wannan asarar ta fi duk abin da cire lafiyayyen indomi zai ba ka, kuma ba laifin salansa a ciki.

To me ya sa wanda ya cire yake rantsuwa cewa mota ta ƙara gudu? Kashi ɗaya kunne ne. Ƙarar ta ƙaru, ta yi kaushi, jiki sai ya ɗauka gudu ne. Ɗaya kashin kuwa gaskiya ce tsantsa, domin nasa indomin ya toshe. Mai mura da hancinsa ya toshe, ranar da ya buɗe zai ji kamar an ƙara masa huhu, alhali numfashinsa ne na da ya dawo. Motar da indominta ya narke ko ya farfashe ya cushe hanya haka take: a sulo, wato tana tsaye injin yana aiki, lafiya lau, da ka nemi gudu sai ta maƙale, giya ta riƙa jinkirin shiga, ƙarƙashin mota ya yi zafin da har za ka ji a ƙafarka, wani lokaci da dare a ga tukunyar ta yi ja. A irin wannan hali cire shi zai dawo da ƙarfi nan take. Sa wani lafiyayye ma zai dawo da shi daidai wa daida. Wannan jimlar ta biyu ita ce ba a cika faɗa wa mai mota ba.

Motoci masu tabo su ne kaɗai zan ce maganar ƙarin ƙarfi tana da ƙamshin gaskiya a kansu, domin tabo yana son hanya a buɗe a bayansa. Su ma ribar ba ta fitowa sosai sai an sake tsara ƙwaƙwalwar motar, aikin da in an yi shi da ka yana iya kashe injin. Motocin gas irin su Hilux na zamani kuma wani babi ne daban, nasu tsarin ba irin wannan ba ne.

Kafin a ɗauko guduma

Rashin ja ba shi da uba ɗaya. Famfon mai da ya gaji yana kawo shi, haka filtar iska da ƙurar hunturu ta cika, haka nozul da ya toshe, filogi da kwayil da suka mutu, burki da ke kamawa, ko giya da ke sulɓewa. Duk alamominsu suna kama da na toshewar indomi, kuma yawancinsu gyaransu ya fi sauƙi. Abin takaici ne a fasa lafiyayyen indomi, a fita gwaji, mota ta ci gaba da halinta, sannan a gano famfon mai ne. An yi gyaran gangar Auzinawa, kuma abin da aka fasa ba ya ɗinkuwa.

Gwajin ba shi da wuya. Mafi sauƙi shi ne wanda kowane gareji zai iya: a kwance sansar gaba, wato 'yar na'urar da ke auna oksijin a cikin hayaƙi, wadda ke kafin indomi, a bar raminta a buɗe, a ɗan zaga da motar na 'yan mintuna. Za ta yi ƙara, wutar cek, wato fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba, za ta kama, amma idan ƙarfi ya dawo saboda hayaƙi ya sami ƙofa, to lallai akwai toshewa a gaba. In bai dawo ba, a mayar da sansa a nemi cutar a wani wuri. Wanda ke da agogon auna matsi zai iya ɗaura shi a ramin nan: lafiyayyen salansa bai kamata ya wuce psi 1.5 a sulo ba, ko psi 3 idan an riƙe injin a juyi 2,500 a minti. In mota ta huce, a bubbuga tukunyar da hannu, idan aka ji ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani, tangaran ɗin ya fashe. In an kwance ta kuma, a haska tocila ta baki ɗaya a leƙa ta ɗayan. Lafiyayye za ka ga haske yana ratsa ramukan reras, wanda ya narke kuwa fuskarsa a dunƙule take kamar an ɗiga mata kwalta.

Kwamfuta ma tana taimakawa, amma a fahimce ta. Lambar P0420, ko P0430 a ɗaya ɓangaren injin V6, cewa take indomi ba ya tsabtace hayaƙi yadda ya kamata. Ba ta ce ya toshe ba. Indomi yana iya tsufa ya daina aiki alhali ramukansa a buɗe suke, kuma irin wannan ba ya rage wa mota ƙarfi ko kaɗan. Sansar baya, wadda ke bayan indomi, idan ta lalace, ko huda a salansa, su ma suna iya jawo lambar.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ba na jin ana yin ta: me ya kashe shi? An ƙera indomi ne ya yi shekaru masu yawa, ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Filogi ko kwayil ɗaya ya mutu, mai mota ya ci gaba da yawo injin yana tsalle, ɗanyen fetur ya riƙa gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin indomin har ya narkar da shi. Wutar cek da ke ƙiftawa, ba wadda ta tsaya cak ba, wannan take faɗa maka, kuma ranar ya kamata a tsaya. Injin da ke shan baƙin mai yana shafe ƙarafan da toka, masu Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 sun san wannan ciwon. Gasket da ya ƙone yana tura ruwan lagireto cikin hayaƙi. Sannan ga al'adarmu ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwarsa tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara masa fetur, ragowar kuma a kan indomi yake ƙarewa. Gurɓataccen mai ma yana da nasa kason, ba mu manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba. Duk wanda ya cire indomi bai gyara abin da ya kashe shi ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba: cutar tana nan tana cin mai, tana cin injin. Wanda ya sayi sabo bai gyara ba kuwa, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Shan mai da wutar cek

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta zama abin lissafi a kowane gida, don haka wannan ɓangaren ya fi damun mutane. Ana faɗin abu biyu masu karo da juna: wasu su ce cirewa yana rage shan mai, wasu su ce yana ninka shi. Duka biyun an zuzuta. Sansar gaba ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda za ta riƙe ma'aunin iska 14.7 ga fetur 1. Sansar baya aikinta sa ido a kan indomi, ko da yake a motoci da dama, har da na Toyota, ana amfani da ita wajen ɗan daidaita man. Saboda haka idan indomin lafiyayye ne aka cire, ba za ka sami sauƙin mai ba, mai yiwuwa ma ya ɗan ƙaru. Idan toshasshe ne, shan mai zai ragu, kamar yadda zai ragu in an sa wani mai kyau. Inda ake ganin mota ta koma zuƙar mai da gaske bayan aikin, galibi wajen bugu da walda ne aka raunata sansar gaba, ko aka bar 'yar kafa kusa da ita iska tana shiga, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fetur ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa.

Abin da ba makawa shi ne wutar cek. Duk motar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wannan sa idon, na Turai masu fetur kuma daga farkon shekarun 2000. Za a ce maka a share ta da kwamfuta, bayan kwana kaɗan ta dawo. Za a ce a ɗaura wa sansar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hayaƙi, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Daga ƙarshe wasu har ƙwan wutar suke cirewa, ko su manna baƙin tef a kanta. Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa. Motar da wutarta ke kunne kullum ta rasa bakin da za ta gaya maka sabuwar cuta ta shigo.

Wanda ke bayanka

Nan ne zuciyata ta fi tsayawa. In indomi yana kawar da kashi 90 cikin 100 na guba, to motar da aka cire wa shi tana fitar da ninki goma na abin da take fitarwa da. Direba yana gaba, gilashi a rufe. Bakin salansa yana baya, a ƙasa, daidai fuskar yaron da ke tsallaka titi zuwa makaranta, daidai inda mai masa ke zaune gaban tandarta a bakin hanya, daidai hancin fasinjan Keke Napep da ya tsaya a bayanka a cunkoson Wunti da yamma. Warin da ke sa ido ruwa ɗanyen fetur ne, a cikinsa akwai benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Naitirojin oksaid yana tayar wa masu asma ciwo, a garin da dama ƙurar hunturu ta ishe su. Mafi haɗari kuwa ba shi da wari ko launi. Kabon monoksaid yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya, shi ne dai wanda ke kashe iyali guda a ɗaki idan an kwana da janareta a kusa.

Shi ma mai motar bai tsira ba. Dubi motocin haya na hanyar Gombe ko ta Ningi, Golf da Sharon, an cika but da kaya har murfin ya ƙi rufuwa, an ɗaure shi da igiya, wani lokaci har da yara a zaune a can baya. Mota in tana gudu, iskar bayanta juyowa take yi, ta kwaso hayaƙin salansa ta cusa shi ta wannan buɗaɗɗen but ɗin. Fasinja ya sauka a Alƙaleri da ciwon kai da jiri, ya ce rana ce ko yunwa. Direban da ke shaƙar wannan tun safe, barci yana fizgar sa a kan sitiyari, shi ma gajiya zai ɗora wa laifi. Haka magidancin da ke tayar da mota da asuba ya bar ta tana ɗumi a cikin gida, kusa da tagar ɗakin yara.

Na san abin da za a ce: ga tifofi, ga janareta a kowane shago, ga tsofaffin motocin da ba su taɓa sanin indomi ba, motata ɗaya me za ta ƙara? Gaskiya ne ba za ta canza iskar Bauchi ba. Amma mai masar nan ba iskar Bauchi gaba ɗaya take shaƙa ba, ta motar da ta tsaya a gabanta take shaƙa. Kuma mun taso muna jin hadisin da ke cewa babu cuta, babu cutarwa. Ban ga yadda doki biyu ko uku da ba za ka ma ji su ba za su halatta wannan ba.

Don adalci, indomi yana da nasa haɗarin guda ɗaya da ya kamata a sani: yana zafi ƙwarai. Kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa ko karmami bayan doguwar tafiya, musamman da rani a gona, domin yana iya tayar da gobara.

Wa ke cin ribar?

Ƙarafan da ke ciki giram kaɗan ne, amma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, faladiyam kuma Rasha ce kan gaba tare da ita. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 29,000 a kan oza ɗaya, wato giram 31, lokacin da zinariya ba ta kai dala 2,000 ba. Farashin ya sauko sosai daga baya, amma har yau mataccen indomi kuɗi ne, akwai masu saye suna tarawa ana fitar da shi waje a narke. Shi ya sa ake satar sa a Ingila da Amurka, shi ya sa kuma motoci da yawa ke isowa hannun mai saye a nan an riga an kwashe nasu a hanya. Ba ina cewa duk makanikin da ya ba da shawarar cirewa yana da wata manufa ba ne, da yawansu abin da suka koya ke nan kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma idan shawara ta zo daga wanda garin da aka zazzage zai kwana a shagonsa, hankali ya ce a nemi gwaji tukuna. In kuma an fasa, kayanka ne. A zuba maka a buhu ka tafi da shi.

In ya mutu da gaske

Hanya mafi araha ita ce wadda aka fi bi: a yanka tukunyar ko a zura ƙarfe a farfasa, a zazzage, a mayar da kwankon. A ganina ita ce mafi muni a cikin duka. Hayaƙi yana fitowa daga siririn bututu ya faɗa cikin faffaɗan fanko, ya rikice, sannan ya sake matsuwa ya fita, ga wata ƙara mai kama da ta gwangwani. Gutsattsarin da suka rage sukan gangara su toshe tukunyar baya, a koma gidan jiya. Yaron da aka sa bugun kuma yana shaƙar ƙurar da bai kamata ta shiga huhun kowa ba. A motocin da indominsu ke haɗe da manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga jikin injin, kamar Camry mai 2.4, wajen aikin yana dab da sansar gaba, kuskure kaɗan ya isa.

Sa miƙaƙƙen bututu a gurbinsa ya fi wancan tsabta ta fuskar tafiyar hayaƙi, muddin faɗinsa daidai yake da na asali. Masu sa ƙaton bututu da tunanin ƙarin ƙarfi suna rage wa hayaƙin saurin fita ne, motar ta yi nauyin tashi. Guba da wutar cek kuwa duk ɗaya ne da na fanko.

Na Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga wata motar, shi ne zaɓin da na fi yarda da shi ga mai Corolla, Camry, Accord, Vibe ko Sienna, domin an yi shi ne daidai da injin kuma ƙarafansa cikakku ne. Tsadarsa ita ce matsala, tun da mai sayarwa ya san ko a matacce yana da masu saye. Kuma kasuwar akwai algus. Ko a nan Bauchi za ka saya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dilimi a Jos, ka riƙe shi da hannunka. Ka duba ko akwai sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar, ka girgiza, ka haska tocila ta baki biyun, domin akan bar rabi a gaba a kwashe na baya. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa in P0420 ta dawo bayan 'yan kwanaki za ka mayar.

Akwai sababbi na gama-gari da ake yankawa a yi wa walda a kowace mota. Sun fi araha saboda ƙarafan cikinsu kaɗan ne, sukan yi aiki, amma ba sa daɗewa kamar na asali, kuma a motoci masu tsananin sa ido wutar cek takan dawo. Duk da haka, rabin tsabta ya fi babu nesa ba kusa ba. Ga matashin da ƙarfi yake nema da gaske kuwa, akwai indomi na ƙarfe mai manyan ramuka, 200 ko 300 a inci, wanda aka yi domin motocin gudu. Yana barin hayaƙi ya wuce kusan kamar bututu, yana kuma rage guba sosai. Sai dai a yi odarsa, kuma ba shi da araha. Wankewa da ruwan sabulu ko maganin da ake zubawa a tanki yana iya taimakon wanda toka ta ɗan rufe, amma ba ya tayar da wanda ya narke.

Ta fuskar doka, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da gas tun 2011. Kowa ya san ba a tsayar da mutum a hanyar Dass a auna salansarsa, don haka ba zan tsorata kowa da tara ba. Kasuwa ce ke hukunci tun yanzu: masu sayen mota sun waye, suna zuwa da mai kwamfuta, suna leƙa ƙarƙashi, kuma motar da ba indomi ana rage mata kuɗi. Ɓoye wa mai saye kuwa ha'inci ne, ba sai an ja maganar ba.

Saboda haka mai lafiyayyen indomi ya bar abinsa, kuɗin da zai ba mai walda ya sayi filogi na asali da filtar iska, ya mayar da tamostat, ya duba iskar taya. Wanda nasa ya tsufa amma bai toshe ba, babu gaggawa, barin sa ya fi fasa shi. Wanda nasa ya farfashe kada ya yi jinkiri, musamman in yana manne da injin, domin a wasu motoci, irin Nissan Altima mai 2.5 ta farkon shekarun 2000, injin yakan zuƙo garin tangaran ɗin ya goge silinda.

Saura direban haya da motarsa ta tsaya yau, kuɗin Beljiyam kuma ba ya aljihunsa, ga iyali suna jiran cefane. Ba zan ce masa ya ajiye mota ba. In dole ta sa, a sa miƙaƙƙen bututu mai faɗin na asali maimakon fanko, a cire kan batir kafin a fara walda, a bar sansa biyun a jone, a toshe duk wata huda daga manifol har baya, a tabbatar bakin salansa ya leƙo waje da bamba. A gyara filogi ko kwayil ko gasket ɗin da ya jawo abin a ranar. Ya daina tafiya da but a buɗe in akwai mutane a ciki, kayan da suka hana murfi rufuwa a ɗaure su a sama. Tsohon indomin kuma ya kai wa masu saye da kansa, ya ji farashi a wuri biyu ko uku, abin da ya samu ya zama kafin alƙalamin wanda zai saka.